Korzeniowski, Sarkin Tafiyar Sauri

Daga Maiduguri zuwa Konduga bai kai kilomita 50 ba. To, a shekarar 2003 a ƙasar Faransa, Robert Korzeniowski, ɗan ƙasar Poland, ya cinye kilomita 50 da ƙafa cikin awa 3 da minti 36, kuma bai yi gudu ba ko taku ɗaya. Gasar tafiyar sauri ke nan, wasan da ya fi ƙarfin mai gaggawa.

Ƙa'idojinta biyu ne. Dole kullum a ga ƙafa ɗaya tana taɓa ƙasa, sannan ƙafar da ta yi gaba ta sauka gwiwa a miƙe, kada ta lanƙwashe sai ta iso daidai ƙarƙashin jiki. Shi ya sa za ka ga ɗan wasa yana murguɗa ƙugu, dunduniya ce ke fara dira, hannaye a lanƙwashe suna kai da komo kamar masaƙi a bakin aikinsa. Murguɗa ƙugun nan ne ke tsawaita taku ba tare da an yi tsalle ba. Alƙalai na tsaye a gefen hanya, da ido kawai suke hukunci. A zamaninsa, jan kati uku daga alƙalai daban-daban ya isa a fitar da mutum.

Korzeniowski ya ɗanɗana wannan hukunci a gasar Olamfik ta Barcelona a 1992, inda aka kore shi dab da ƙarshe. Bai karaya ba, ya koma ya gyara takunsa. Ya ci zinare a Atlanta a 1996, ya haɗa biyu a Sydney a 2000, na kilomita 20 da na 50, ya ƙara na huɗu a Athens a 2004. A tseren kilomita 20 na Sydney, Bernardo Segura na Meziko ne ya riga shi isa, amma alƙalai suka soke shi saboda karya ƙa'ida.

Abin burgewa shi ne kamun kai: jiki ya gaji yana neman ya ruga, mutum ya hana shi. Matasan Borno sun saba da doguwar tafiya cikin zafin rana. Takalmi, hanya da mai koyarwa kawai wasan ke buƙata, kuma ya dace masu kula da wasanni a jihar su buɗe musu wannan ƙofa.