Kyamarar Daji a Bakin Mashaya

'Yar akwati ce da ba ta wuce tafin hannu ba. A ɗaure ta a gindin bishiya a yi tafiya, ita kuma ta zauna dako. Da ta ji ɗumin jiki da motsi sai ta ɗauki hoto, har da tsakar dare, ta rubuta rana da lokaci a ƙasansa. Dabarar ta daɗe. Tun shekarun 1890 George Shiras yake shimfiɗa zare a hanyar barewa a dazukan Michigan, dabbar ta taɓa, haske ya walƙa, ta ɗauki kanta hoto, kuma a 1906 mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74. Abin da ya sauya shi ne araha, da kuma layin waya da ake saka wa na yanzu, wanda ke tura hoton zuwa aljihun mai ita cikin 'yan mintuna. Daga 1 ga Janairu 2022 jihar Arizona ta Amurka ta haramta amfani da wannan kyamara domin farauta. Mafarauta da dama sun fusata, amma a ganina hukumar namun dajin jihar ta yi daidai.

Hujjar tana bakin ruwa. Yawancin Arizona ƙasa ce mai fari, har sai da aka gina dubban tankunan tara ruwan sama domin namun daji. Barewa tana iya sauya makiyaya, tana iya sauya makwanci, amma ƙishirwa ba ta da magani sai ruwa. Wanda ya kafa kyamara a mashaya ya riƙe dabbar a inda ba ta da zaɓi, kuma ba shi kaɗai ba ne: a yankunan da suka yi suna da manyan bareyi, kamar tudun Kaibab, akan tarar da kyamarori rututu a kewaye da ruwa ɗaya, kowace da mai ita. Wannan ya zo canza batir, wancan ya zo cire katin hotuna, mota ta tafi mota ta dawo, warin mutum ya cika wurin, dabbar da ta yini da ƙishi ta tsaya nesa tana jiran dare ya raba. Farauta kuwa tana da mutunci ne saboda naman yana da damar tsira. Mafarauci ya karanta sawu, ya duba kashi ko ɗanye ne, ya lura da inda iska ke kaɗawa, sau da yawa ya koma gida hannu rabbana. Idan wayarsa ce ke gaya masa wane namiji ke shan ruwa a wane tanki da ƙarfe nawa, sauran aikin jan kunamar bindiga ne kawai. Jihar Nevada ma ta taƙaita kyamarorin a filayen gwamnati tun 2018, Utah ta bi sahu a 2022, duk ƙasashen fari ne.

Masu adawa suna cewa kyamara tana taimaka wa mutum ya zaɓi tsohon namiji ya ƙyale ƙanana, kuma ma'aikacin da ba shi da makonnin yawo a daji da ita yake samun rabo. Akwai gaskiya a nan, kuma a jiha mai dausayi irin Wisconsin, inda ruwa ke ko'ina, zan yarda da su. Amma a hamada zaɓin nan yana ƙarewa ne a kan mai ƙaho mafi girma, kuma mai riba shi ne jagoran farauta na haya da ke iya baza kyamarori da yawa, ba talaka mai guda biyu ba.

Suna kuma cewa da kyamarar ake sanin yawan zakin dutse da dila masu cin 'ya'yan barewa. A nan ake buƙatar hattara, domin hoto ba ƙidaya ba ne. Zakin dutse ɗaya da ya gifta sau goma yana iya zama goma a bakin mai jin haushinsa, kuma Kaibab ɗin nan ta taɓa ɗanɗana sakamakon irin wannan haushi: bayan 1906 aka karkashe masu cin nama, bareyi suka yi yawa, suka cinye ciyayi, yunwa ta kwashe su a shekarun 1920. Ƙidaya ta gaskiya tana son tsari, irin wanda Ullas Karanth ya fara a dajin Nagarahole na Indiya, inda ake gane kowace damisa da zanen jikinta. Dokar Arizona ba ta taɓa irin wannan aiki ba. Mai bincike, da makiyayi mai tsaron shanunsa, da mai sha'awar hoto, duk suna nan da kyamarorinsu, kamar waɗanda suka riƙa ɗaukar damisar jaguwa da ake kira El Jefe a duwatsun Santa Rita.

Raunin dokar shi ne ta rataya a kan niyya, jami'in daji kuma ba ya ganin zuciyar wanda ya ɗaura akwatin. Wannan matsalar aiwatarwa ce, ana iya rage ta da tilasta rubuta suna da lambar izini a jikin kowace kyamarar da ke filin gwamnati, a kuma hana kafa ta kusa da mashaya sai da takardar bincike.