Kada a Kashe Wutar Tsohuwar Maƙera

Wani abokina injiniya da ya yi zaman karatu a Ingila ya taɓa ce mini, duk ƙirar da ake yi a tsofaffin masana'antun da aka mayar gidajen tarihi a can wasan kwaikwayo ce kawai don 'yan yawon buɗe ido. A ganinsa a share wurin, a shafa wa injuna mai, a kewaye su da igiya, a kafa allon bayani, shi ke nan an sauke nauyin tarihi. Wanda yake son ganin yadda ake bugun ƙarfe ya buɗe bidiyo a wayarsa. Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Cikin masu aikin adana kayan tarihi ma akwai masu cewa kowane bugu da aka yi da tsohuwar guduma yana rage mata kwana, saboda haka ƙaunarta ita ce a bar ta ta huta. Ban yarda da ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma hujjata tana cikin aikin kansa.

Wurare biyu sun ishe mu misali. Na farko Abbeydale ne, a gefen kogin Sheaf a birnin Sheffield, garin da duniya ta sani da wuƙaƙe. Ɗakin manyan gudumominsa na 1785 ne, aikinsa kuwa ƙera dogon laujen nan na Turawa mai doguwar ƙota, wanda ake yankan ciyawa da shi a tsaye. An daina aiki a wurin a 1933, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1970. Na biyu Finch Foundry ne, a ƙauyen Sticklepath na yankin Devon, inda aka yi ta ƙera lauje da shebur da sauran kayan noma da haƙar ma'adinai tun daga 1814 har 1960. Yanzu yana hannun hukumar National Trust, kuma har gobe ana sakin ruwa a juya injunansa a gaban baƙi. Duka biyun ruwa ne ƙarfinsu. Ana tare shi a madatsa, a sake shi a kan ƙaton wili, wilin ya juya wani gungumen gatari mai haƙora, haƙoran su riƙa danna wutsiyar guduma suna saki, kanta ya ɗaga ya faɗi a kan uwar maƙera ba ƙaƙƙautawa. Wannan shi ne tarihin a taƙaice, kuma duk allon bayani zai iya ba da shi. Abin da allo ba zai iya ba shi ne yadda ake haɗa bakin laujen.

Kafin Henry Bessemer ya fito da hanyarsa a 1856, ƙarfe mai tauri da Turawa ke kira sitil abu ne mai tsada. Mafi kyawunsa shi ne wanda ake narkarwa a cikin tukwanen yumɓu, dabarar da Benjamin Huntsman ya gano a shekarun 1740, kuma murhun irin wannan narki yana nan a Abbeydale har yau. Ba wanda zai ɓarnatar da irin wannan ƙarfe a jikin lauje gaba ɗaya. Ko da za a iya ma, lauje na zallar sitil ya fi saurin karyewa idan ya ci karo da dutse. Sai maƙeran suka riƙa ɗaukar siririn sitil su cusa shi tsakanin baƙin ƙarfe biyu masu taushi, su gasa su tare, su buge su har su zama jiki ɗaya. Mai taushin ya ba lauje juriya, mai taurin ya ba shi kaifi. Idan manomi ya zo wasa shi, dutse yana cinye mai taushin da sauri, kullum sitil ɗin tsakiya ne ke fitowa a baki. Babu waya, babu lantarki, babu wani narkakken abu da aka zuba a tsakani irin na mai walda. Wuta ce da bugu.

Faɗa ce mai sauƙi, amma ƙarafan nan biyu ba zafi ɗaya suke so ba. Baƙin ƙarfe mai taushi ba ya yarda ya manne sai ya wuce ja, ya wuce ruwan goro, ya wuce ruwan ɗorawa, ya doshi fari, fuskarsa ta yi sheƙi kamar mai gumi. Sitil kuwa idan ya kai can ya soma ƙonewa. Da ka ga yana feso tartsatsi mai rassa daga cikin gawayi, to ya fara lalacewa, kuma ƙonannen sitil marmashewa yake yi a ƙarƙashin guduma. Tazarar da ke tsakanin "bai kai ba" da "ya wuce" 'yan daƙiƙoƙi ce. Sanya sitil a tsakiya yana taimakawa, don ƙarfen waje yana kare shi daga harshen wuta, amma hakan na nufin maƙeri yana auna zafin abin da ba ya gani ta hanyar launin abin da yake gani.

Ga kuma matsalar ɓawo. Duk ƙarfen da ya yi zafi ya sha iska yana yin wani baƙin ɓawo a fuskarsa, kuma muddin ɓawon nan yana tsakani, ko kwana aka yi ana bugu ba za a haɗu ba. Maganinsa tsaftatacciyar wuta wadda ba a cika mata iska ba, sai yashi mai laushi ko boraks da ake barbaɗawa. Yashin yana narkewa ya haɗu da ɓawon ya zama kamar ruwan gilashi, bugun farko ya feso shi waje. Wannan feshin wutar da ke burge mai kallo datti ne ke fita daga tsakanin ƙarafan. Shi ya sa ake fara bugu daga tsakiya a nufi gefe, don kada a rufe wa dattin ƙofa. Shi ya sa kuma a ƙirar hannu bugun farko ba na nuna ƙarfi ba ne. Ɗan dannawa ne cikin sauri, sai an ji ƙarfe ya kama sannan a saki hannu. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma a nan maganar ba ta da wani zurfi da ya wuce zahirinta: daga murhu zuwa uwar maƙera, taku ɗaya na banza ya isa ya sa a sake komawa wuta.

A ƙarƙashin gudumar ruwa abin ya ƙara wuya, domin ita ba ta san sassauci ba. Tana faɗuwa a wuri ɗaya da nauyi ɗaya. Gwanintar duka ta koma wajen wanda ke riƙe da awartaki: ina zai sa ƙarfen, yaushe zai juya shi, yaushe zai janye. A Abbeydale maƙerin yana zama ne a kan wata kujera da aka rataye daga rufi, yana lilo gaba da baya da ƙafafunsa don ya kai ƙarfen inda yake so tsakanin bugu da bugu. Kujerar nan ita kaɗai ta isa ta nuna cewa injin bai kori gwani ba. Wanda ya ga kujerar a rataye babu kowa a kai, ba zai taɓa gane don me aka rataye ta ba.

Na san wani abu kaɗan na wannan aiki tun ina yaro, a maƙerar da ke bayan gidanmu, inda mukan yi rububin zuga bayan an tashi daga makarantar allo. Wata rana wani manomi ya kawo gatarinsa da baki ya cinye. Tsohon maƙerin ya tsaga bakin, ya yanko guntun sifirin mota ya cusa, ya tura cikin gawayin ƙirya. Ni ke kan zugazugi. Bai dubi fuskata ba ko sau ɗaya, idonsa na cikin wuta. "Ƙara, yaro." Na ƙara. "Sassauta." Na ce, "Baba, ai bai yi fari ba." Bai amsa ba, ya sa ɗansa ya jawo tabarmar da ke bakin rumfa ta tare hasken rana. Da inuwa ta sauka sai na ga ƙarfen da nake zaton ja ne ashe ya kusa fari. Ya ɗebo yashi da yatsu uku ya watsa, ya jira numfashi biyu, ya fizgo shi da awartaki, masaba ta sauka, wuta ta fantsama har kan ƙafata.

Tabarmar nan ce amsata ga mai cewa bidiyo ya wadatar. Ba don ƙazanta ko talauci maƙera take da duhu ba, a Sheffield ko a Kano. Duhun kayan aiki ne kamar masaba. Kyamara kuwa tana gyara haske da kanta, ta mayar da ruwan goro fari, ta mayar da fari wani dunƙulen haske marar bayani. Wanda ya koyi launin wuta a waya, ranar da ya tsaya gaban murhu zai ƙone ƙarfensa. Bidiyo ba ya ɗauke da yadda awartaki ke gaya wa hannu cewa ƙarfe ya yi laushi, ko yadda amon bugu ke sauyawa idan haɗi ya kama. Gidan tarihin da ya cika maƙera da fitilu don baƙi su ga hanya, ya kuma kashe murhu, ya adana ɗaki ne ya zubar da abin da aka gina ɗakin dominsa.

Maganar masu tsoron kada injin ya lalace ta fi nauyi, amma ita ma ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Ƙotar babbar gudumar nan gungumen itace ne, kuma tun ana aiki da ita tana tsagewa ana sauyawa. Haƙoran da ke danna ta suna cinyewa ana sabuntawa. Wilin ruwa mai katako idan aka bar shi tsaye, gefe ɗaya ya jiƙe ɗaya ya bushe, nauyinsa ya karkace, ya ruɓe a inda yake. To wane "asali" ake karewa? Injin da ya yi shekara ɗari da hamsin yana aiki ya kai haka ne saboda akwai masu gyara shi, kuma sanin gyaran nan yana cikin abin da aka gada. Na yarda akwai abin da ba a taɓawa. Murhun tukwane na Abbeydale, da yake irinsa bai rage da yawa ba, ban ce a riƙa hura shi kowane mako ba. Amma a ɗauki hukuncin abu ɗaya mai wuyar samu a shimfiɗa shi a kan kowace guduma da kowace uwar maƙera, wannan tsoro ne aka sa wa rigar ilimi.

Ingila ta riga ta ga ƙarshen wannan hanya. Masana'antarta ta ƙarshe mai yin baƙin ƙarfen nan mai taushi, ta Thomas Walmsley a Bolton, ta daina yin sa a shekarun 1970, aka kwashe injunanta zuwa gidan tarihi na Blists Hill a Ironbridge. Yau maƙerin da zai gyara tsohuwar ƙofar coci da irin ƙarfenta na asali sai dai ya nemi tsofaffin sarƙoƙi da shingaye a sake murza su. Mu ma mun ga irin haka ta wata fuskar. Narkar da tama, wadda Dutsen Dala ya yi suna da ita tun kafin Kano ta zama birni, ta mutu a ƙasar Hausa bayan da ƙarfen Turawa da tarkacen mota da na jirgin ƙasa suka wadata. Ƙira kuwa ta rayu, ba don wani ya kewaye ta da igiya ba, sai don duk damina manomi yana bukatar fartanya da garma.

A nan ne nake ganin abokina yana da rabin gaskiya, ko da yake ba inda ya nufa ba. Idan duk abin da maƙerin gidan tarihi zai yi shi ne ya murɗa ɗan ganyen ƙarfe na maƙalar makulli cikin minti goma, baƙi su tafa, ya sake wani, to lallai an kama hanyar wasan kwaikwayo. Irin wannan ba ya bukatar haɗin wuta, ba ya bukatar a san halin sitil, kuma ba wanda zai dawo gobe ya ce kayanka ya karye. Mai saye mai ƙorafi shi ne malamin maƙeri na biyu. Lauje ba ya yin kyau don an yaba shi a cikin gilashi; sai ya shiga ciyawa, ya daki dutse, ya dawo da bakinsa. Saboda haka abin da ya kamata masu riƙe da waɗannan wurare su adana, gaba da gini, shi ne ciniki. Ita National Trust tana da gonaki da dazuzzuka da tsofaffin gidaje masu yawan gaske, dukkansu suna cin adda da gatari da ƙyauren ƙarfe da sakata. A ba maƙerar da ke hannunta wannan aiki. A sa wa maƙerin yaro mai koyo wanda ake biya, wanda zai yi shekaru yana ƙone ƙarfe yana sakewa, tun da ba a taɓa samun wanda ya iya haɗin wuta ba tare da ya tara tulin ɓarna a bayan murhu ba. Kwas na kwana biyu yana da amfaninsa, yana jawo mutane, amma ba ya haifar da wanda zai zauna a kujerar lilo.

A watan Nuwamba na kowace shekara maƙera kan taru a Finch Foundry don bikin Saint Clement, wanda maƙeran Ingila suka ɗauka waliyyin sana'arsu, ranarsa 23 ga wata. Ana gasar ƙira, ana dura albarushi a uwar maƙera a tayar da ƙara. Duk wanda ya taɓa ganin maƙeranmu ranar da aka buga musu dundufa zai gane irin wannan alfahari. Ina son bikin. Amma ranar da na fi so a ba ni labarinta ita ce washegari, bayan taro ya watse: ko an tashi da sassafe an hura murhu, ko akwai takardar oda a maƙale a ƙusa, ko akwai yaro a gefen wuta da ake ce wa ƙara, sassauta.