Kalmar Ingilishi "recur" da Kuskuren Fassara Ta da "Maimaita"

Dokar sake gina ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Don haka tilas ne masu bincike da masu tsara littattafan yaƙi da jahilci su ƙara sa ido kan yadda ake juya kalmomin Ingilishi zuwa Hausa. Ɗaya daga cikin waɗanda ake yawan ɓatawa ita ce "recur".

Asalin kalmar Latin ne: "re-" na nufin komawa, "currere" kuwa gudu. Daga wannan tushe Faransanci ya sami "récurrent". A bakin masu Ingilishi, ana amfani da ita ga abin da ke tafiya ya dawo, ya kuma tafiya ya dawo, kamar ciwo, ko mafarki, ko kuɗin albashi da hukuma ke fitarwa duk wata. Tana da ƴar'uwa, "reoccur", wadda sau da yawa ba ta nuna kome sai aukuwa ta biyu.

Al'adar jeranta kalmomi, wato kowace kalmar Ingilishi a ba ta ta Hausa guda ɗaya, ita ke sa mai fassara ya ruga ga "maimaita". A dubi waɗannan jimloli:

(1) Malami ya maimaita darasi.
(2) Fari ya maimaita.

Jimla ta (1) daidai take, don "maimaita" aikatau so-karɓau ne, yana bukatar mai aikatawa da abin da aka aikata. Ta (2) gurguwa ce, domin Bahaushe na jin ta sai ya tambaya: ya maimaita me? "Recur" kuwa ƙi-karɓau ce, ba ta ɗaukar karɓau. Ke nan tun daga nahawu an riga an saɓa.

Hausa ba ta rasa hanya ba, sai dai ba a cikin kalma ɗaya ta ajiye ma'anar ba:

(3) Ciwon ya sake tashi.
(4) Ciwon yana ta dawo masa.
(5) Sanƙarau yakan ɓarke da rani.
(6) In an raba 1 gida 3, sai a sami 0,333…, lambar 3 tana ta maimaituwa.

A (3), "sake" ya nuna karo ɗaya bayan na farko. A (4), "ta" ya nuna naci. A (5), "kan" na lokaci sabau ne ya ɗauki nauyin duka, kuma shi ne mafi kusa da "recur". A (6) an koma ga tushen "maimaita", amma a sigarsa ta ƙi-karɓau, irin ta "gyaru" da "dafu", saboda haka ta zauna.

Wannan bambanci ya wuce gardamar masana nahawu. Nijar ta ga babban fari a 1973 da 1984, ta ga ƙarancin abinci a 2005 da 2010. Sanƙarau ya yi ɓarna a 1995, ya kuma ɓarke a Yamai a 2015. Kogin Isa ya yi ambaliya a Yamai a 2012 da 2020. In takardar faɗakarwa ta ce "fari ya sake aukuwa", manomin Tawa ko na Damagaram labari kawai ya ji, sai ya yi jaje. In ta ce "fari yakan dawo", an gaya masa halin abin, sai ya tuna da rumbu. Haka majinyacin da aka ce wa ciwonsa yakan dawo, ya fi kiyaye magani bisa wanda ya zaci ya rabu da shi ke nan.

Saboda haka ya kamata duk ƙamus ko jerin kalmomin da za a tsara ya kawo wa irin wannan kalma cikakkun jimloli, kowace da muhallinta: na asibiti, na noma, na lissafi, na kasafin kuɗi. Mai fassara kuma, kafin ya ɗora alƙalami, ya bincika ko abin sau ɗaya ya dawo ko kuwa dawowa ɗabi'arsa ce. In sau ɗaya ne, "sake" ya wadatar. In ɗabi'a ce, sai "kan".