Tsokaci a Kan Binciken Tace Ruwan Rini da Sharar Gona

Manufar wannan takarda ita ce tarken irin binciken da ake yawan gabatarwa a kan amfani da ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa da totuwar masara wajen raba gurɓataccen ruwa da rini. Dabarar ita ce a niƙa sharar, ko a ƙona ta ta zama gawayi mai ƙananan kafofi, sai ƙwayoyin rini su manne a jikinta. Bukatar wannan a fili take, domin kuwa ruwan masana'antun Bompai a Kano yana bi ta rafin Getsi ya faɗa Jakara, inda manoman rani ke shayar da lambu.

Sai dai akwai abubuwa uku da ya kamata a lura da su. Na farko, galibin masu binciken shuɗin metilin suke zubawa a tatacciyar ruwa cikin kwalba. Wannan launi yana da saukin kamuwa, don cajinsa kishiyar na fuskar ɓuntu ne. Amma yawancin rinin da ake yi wa auduga a masaƙa cajinsa iri ɗaya ne da na ɓuntun, saboda haka ba ya mannewa sosai. Bugu da ƙari, ruwan masaƙa yana tafe da gishiri da soda da launuka barkatai. Ashe ke nan sakamakon kwalba ba hujja ba ne a bakin kwata.

Na biyu, ana cewa sharar gona kyauta ce, ba a lissafa kuɗin dako da na wutar ƙonawa da na sinadarin da ake jiƙa ta da shi. An kuma manta cewa totuwa makamashi ce a gidajen talakawa.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, ba kasafai ake faɗin makomar ɓuntun da ya sha rini ba. Idan juji za a kai shi, to da damina ta faɗi dafin zai iya komawa ruwa. A nan marinan Ƙofar Mata na dā sun fi mu hangen nesa, domin katsin da suke kwashewa daga karofi ba ya tashi a banza: da shi ake haɗa laso.

A taƙaice, dabarar ba abar yarwa ba ce, aunawar ce ta gaza. Wajibi ne mai bincike ya ɗebo ainihin ruwan masaƙa, ya fitar da kuɗin tace kowace ganga, sa'an nan ya bayyana inda sharar za ta ƙare.