Daga Littafi Zuwa Majigi: Tsokaci a Kan Ƙarshen The Firm

Idan aka mayar da littafi fim, sau da yawa a ƙarshen labarin ake gane an taɓa jigo. Haka abin yake ga The Firm, wanda John Grisham ya wallafa a 1991, Sydney Pollack kuma ya mayar da shi fim a 1993.

Tauraron labarin, Mitch McDeere, matashin lauya ne da ya kama aiki a Memphis, sai ya gano cewa 'yan Mafiya ne iyayengijin kamfanin. Hukumar FBI kuma ta matsa masa ya tona asiri: gaba kura, baya siyaki. A littafin, ya bar wa hukuma shaida, ya kwashi miliyoyin daloli, ya tsere tsibiran Karebiyan. A fim kuwa, ya kama kamfanin da laifin zuƙa wa masu hulɗa da shi kuɗin aiki, ya rufa wa Mafiya asiri, ya tsira da lasisinsa.

Dabarar ta ƙayatar, amma ta rage wa labarin ɗaci. Grisham ya nuna cewa doka ta kasa kāre wanda ya taimake ta. Pollack ya wanke dokar, alhali manyan masu laifin suna nan suna yawo. Wannan sulhu ne aka yi, ba adalci ba.