Aliyu Namangi, Gwanin Auna Waƙa da Kunne

Mai ido in zai tsara waƙa, takarda ce ma'ajiyarsa: ya rubuta, ya soke, ya koma baya ya duba. Alhaji Aliyu Namangi na birnin Zariya bai samu wannan gata ba. An haife shi a 1894, ya rasa ganinsa tun yana ƙaramin yaro, ya kuma yi karatun addini ta hanyar ji da hadda. Da kunne da ƙwaƙwalwa kaɗai ya gina Imfiraji, jerin waƙoƙin wa'azi da begen Manzon Allah (SAW) da suka zaga ƙasar Hausa.

Sai mutum ya san ƙa'idar aikin zai gane girman gwanintar. Kowane baiti ɗango biyar ne. Huɗun farko suna tafiya da ƙaramin amsa-amo guda, wanda ke sauyawa daga baiti zuwa baiti. Na biyar kuwa tilas ya faɗa kan babban amsa-amon da ke riƙe da waƙar. Bayan wannan ga awon gaɓoɓi, masu nauyi da marasa nauyi, kowace da gurbinta. In guda ta goce, kari ya karye, mai sauraro zai ji tuntuɓe nan take. Masana aruli suna ɗora karin Imfiraji a kan bahar Ramali. Duk wannan lissafi a ka Malam yake yinsa, sai baiti ya nuna sannan ya rera wa mai rubuta masa. Abin mamaki, wahalar ba ta fitowa a kalmominsa: Hausa ce sassauƙa irin ta kasuwa da zaure, wani lokaci har da raha, kamar yadda ya yi a Waƙar Keke.

Babbar hikimarsa ita ce zaɓen murya. Manazarta sun nuna dangantakar karin Imfiraji da kiɗan caji, wanda samari da 'yan mata ke rububinsa a wancan zamani. Namangi ya lura cewa kari ne ke fara kama zuciya kafin ma'ana ta iso, sai ya ɗauki karin da jama'a suka riga suka saba da shi, ya ajiye ganga, ya zuba masa tunatarwa kan mutuwa, hisabi da rikicin duniya.

A Amurka ma an yi makaho mai irin wannan kunne, Ray Charles (1930–2004), ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa salon kiɗan sol na baƙaƙen fata. Shi muryoyin coci ya kwaso a shekarun 1950 ya mayar da su waƙoƙin soyayya, har wasu masu ibada suka yi ta sukarsa. Namangi kuwa daga dandali ya kwaso ya kai zauren malamai.

Kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga waƙoƙin Imfiraji guda tara, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta, ya rasu a 1990. Har gobe makafi masu bara suna rera baitocinsa, ɗaliban Hausa suna nazarinsu. Wanda duk ya mallaki littafin, kada ya tsaya karanta shi a zuci; ya rera shi da murya, domin ta haka aka tsara shi. Allah ya jiƙan Malam.