Wa ke kallon bayan jita?

Daren jiya na kashe minti ashirin da ɗoriya a kan bidiyon wani mai haɗa jita da hannu, kuma har yanzu raina bai huce ba. Mutumin gwani ne, wannan ba na musu. Ya ɗauko fallen katako, ya goga masa jiƙaƙƙen tsumma, zane ya bayyana kamar igiyar ruwa. Ya juya shi a hasken taga, ya sake juyawa. Ina ta jira in ji muryar jitar. Sai can a ƙarshe aka ɗan kaɗa ta, kafin kunnena ya zauna bidiyo ya ƙare.

Kun dai san yadda abin ya koma. Mai ba da aikin jita yanzu tambayarsa ta farko ita ce, da wane katako za a yi bayan? Koa ta Hawai mai walƙiya, ko roswud na Brazil da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsa tun 1992? Masu hannu da shuni kuwa sai mahoganin nan, ɗan'uwan maɗacinmu, da aka sare a dajin Chiquibul na ƙasar Belize a 1965, ya faɗa kwazazzabo, ya kwanta sama da shekara goma kafin a jawo shi. Suna ce masa "Bishiyar" kawai, kamar babu wata a duniya. Katakon baya da gefen jita ɗaya daga jikinsa dubban daloli ne. To don Allah, jama'a, ina bayan jita yake idan ana kaɗawa? Manne yake da tumbin makaɗi! Shi bai gani ba, masu sauraro ba su gani ba.

Mai maganar ita ce fuskar jita. Fallen sifurus ne fari, marar ado, kaurinsa bai cika wuce milimita 3 ba, yana ɗauke da jan tsirkiyoyin ƙarfe na wajen kilo 70. A ƙarƙashinsa akwai 'yan sanduna da ake mannawa, mai haɗawa ya yi ta fere su kaɗan-kaɗan, yana ƙwanƙwasa fallen da yatsa yana kasa kunne, har ya ji inda katakon ya saki murya. Nan gwaninta take, kuma nan ne kyamara ba ta son tsayawa, don babu abin ɗauka. Duk wanda ya taɓa riƙe gurmi ya san zancen: a ƙawata duma yadda aka ga dama, idan fata ba ta ɗauru daidai ba an yi aikin banza.

Kuma ba yau aka gano haka ba. Antonio de Torres, ɗan Almeriya ta Sifaniya, wanda jitar zamani ta gaji siffarta daga hannunsa, ya haɗa wata a 1862 da baya da gefe na kwalin takarda, ya ɗora mata fuska ta ƙwarai. Tana nan a gidan adana kayan kiɗa na Barcelona. A 1995 mai haɗa jita Bob Taylor ya haɗa tasa da katakon da ake ɗora kaya a kai a sito, har da ramukan ƙusa. A 2018 masana daga jami'ar Lancaster ta Ingila da abokan aikinsu suka sa aka haɗa jita shida iri ɗaya, bambancinsu katakon baya da gefe kawai, aka ba makaɗa 52 su kaɗa ba tare da sun iya gane katakon da ido ba. Makin da suka ba su kusan ɗaya ne, mai tsada da mai araha. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Abin da ya fi ci mini rai, wannan zanen da ake rububi a kansa jijiyar itace ce da ta karkace. Wajen lanƙwasa gefe a kan bututu mai zafi, irinsa ne ke tsagewa. Ga tsada, ga wahala, ga lokacin da ya kamata a ba fuska an cinye shi wajen lallashin baya.

Na yarda, kyau ma wani abu ne, kuma jitar da ta burge mai ita za ta fi yawan fita daga jaka. Na kuma yarda son zane ya taɓa yin rana. Da Taylor da kamfanin Madinter suka sayi masana'antar yanka eboni ta Crelicam a Yawunde a 2011, sun tarar masu sara na kayar da bishiya, in cikinta ba baƙi ƙirin ba ne su bar ta ta ruɓe a daji, don kasuwa ba ta son mai ratsi. Taylor ya ce za su riƙa saye, aka fara sa eboni mai ratsin fari a wuyan jita. Wannan kam na jinjina, bishiyar da aka riga aka kayar ba ta tafi a banza ba.

Amma wancan ratsin ceton daji ya yi. Na bayan jitar malam mai bidiyo fa, me ya ceta? Maigida, in za ka sake ɗauka, juya mana fuskar ta ciki mu ga sandunan da ka fere. Ƙwanƙwasa ta kusa da makirfo. Sannan ka miƙa wa makaɗi jitar, ka bar shi ya yi minti biyar cikakku, a ɗaki shiru, ba tare da an yi wa sautin kwalliya da kwamfuta ba.